Ranar da Na Yi wa Inna Jarrabawa a Gidan Suna

Ba zan taɓa mantawa da bikin sunan jikar Hajjo, ƙawar Inna, ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu a Bunkure ba za su bari ba.

Inna, mahaifiyata, ta shekara biyu da ciwon mantuwa a lokacin. Takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba, takan tambayi Babanmu da ya daɗe da rasuwa. Wata safiya ta fice ta bi bakin kanal, wai za ta kai masa fura gonar shinkafa, sai masu ban ruwa ne suka dawo da ita. Daga ranar ƙanena Sani, wanda take zaune a gidansa, ya ce ta gama fita. Matar da ba a biki ba a suna sai da ita, ta koma zaman ɗaki tana kallon bango. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A asibiti an gaya mana zaman kaɗaici yana ƙara ciwon, a riƙa shigar da ita cikin mutane. Na dinga yi wa Sani naci har ya gaji.

"To Yaya, ki kai ta sunan gidan Hajjo," in ji shi. "Amma in aka samu abin magana, shi ke nan, kada ki ƙara tayar mini da zancen."

Ni malamar firamare ce a Kura (wannan ba uzuri ba ne, bayani ne). Shekara goma sha tara ina tsayawa gaban allo, don haka duk abin da aka ba ni sai na mayar da shi darasi. Mako guda na yi ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, ina yi wa Inna bitar sunaye: wannan matar Sani ce, wannan jikarki ce, Hajjo kuma ƙawarki ce tun kuna 'yan mata. Wani ta kama, wani ya zille. Ni dai na ƙudurta sai na nuna wa duniya cewa Inna na nan da hankalinta.

Ranar suna muka tarar da tsakar gida maƙil. Lokacin ɗibar tumatir ne, an kawo kwando biyu daga Kadawa, tsofaffi sun kewaye su suna yanka na miya. Hajjo ta matsa wa Inna, ta miƙa mata wuƙa ba tare da ta tambaye ta komai ba. Inna ta karɓa ta hau yanka, hannunta bai manta komai ba. Ana hira tana murmushi. Da ina da wayo, da na nemi wuri na ci shinkafata.

Ina! Sai na tsaya a kanta, na gyara murya irin ta aji uku.

"Inna, wace ce wannan?"

"Hajjo mana," ta ce.

"Wannan fa?"

Ta faɗa daidai. Ta uku ma daidai. Mata suka fara "Ma sha Allah", ni kuma kaina ya kumbura kamar ni na ci jarrabawar. Sai na dafa ƙirji na ce, "To ni fa, Inna? Faɗi sunana su ji."

Ta ɗauki wani tumatirin. Na maimaita. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da yanka. Na durƙusa na leƙa fuskarta na maimaita karo na uku da ƙarfi, har da rarraba mata farkon sunan (Allah Ya yafe mini). Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Matar Sani na zaune tana kallo, na san labari zai riga mu isa gida. Hawaye suka zubo mini, na juya ga jama'a na fara jawabi: ku yi haƙuri, haka ciwon yake, yau ga shi ya kai ba ta gane 'yar da ta haifa ba.

Ban rufe baki ba Inna ta karkata wajen ƙawarta, ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Hajjo, ki ce wa waccan ta zauna. Tun tana goye bakinta ba ya hutawa."

Hajjo ta ajiye wuƙa ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Malama, ba ke ce 'yar fari ba? Tun da aka haife ki kin taɓa jin ta kama sunanki? Yau kike so ta faɗa, a gaban surukai?"

Gidan ya ɗauki dariya, har mai jego ta leƙo daga ɗaki. Shekarata arba'in da biyu, kuma ko sau ɗaya Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. "Waccan" nake, ko "ke". Na san haka kamar yadda na san hanyar gidanmu, amma zumuɗi ya shafe shi daga kaina. Na zauna a gefen turmi, na rasa inda zan sa fuskata. Wata tsohuwa ta miƙo mini wuƙa ta ce in yanka, ko bakin zai samu hutu.

Inna ta kai har la'asar a wurin, ta ci, ta yi dariya, ta ma yi wa wata faɗa a kan yankan albasa.

Washegari Sani ya kira ni, yana ƙoƙarin danne dariya. Ya ce ya ji komai, kuma Inna za ta ci gaba da fita, amma Hajjo ce za ta riƙa zuwa ɗaukarta. Ni aikina rakiya zuwa ƙofa.

Na yarda ban ja ba. Abin da na koya shi ne, in ka kai mai irin wannan ciwo cikin mutane, ka ba shi wurin zama da abin yi, ka bar tambaya. Yanzu kwanakin da Inna ba ta gane ni sun fi yawa, takan gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Duk ranar da na shiga ta kau da kai ta ce "waccan ta zo", farin ciki nake wuni da shi.