Tsiren Tashar Rano

"Lafiya lau, amarya, lafiya lau. Ya hanya? Ya wancan yaron da yake riƙe min ke?"

"Yana gaishe ka. Ya ce in duba masa ko da sauranka, don ya gaji da jira."

"Jiran me? Ke? Ai ko yau ya zo da tiyar masara na bar masa ke, har in taka masa zuwa bakin titi."

Afra'u ce ta iso Durba bayan la'asar daga gidan mijinta a Rano, da jakar bakko a hannu. Ta tarar da kakanta, Malam Ishiyaku, a zaure, ya kishingiɗa a kan buzu ya karkata ta dama. Ba zumunci ne kawai ya kawo ta ba, kiranta aka yi.

Tun bara aka san abin da yake damun Malam. Da ciwon ciki ya kayar da shi aka kai shi asibiti, daga nan aka tura su Kano aka yi hoto. Likita ya ce bangon babban hanjinsa ne ya yi wasu 'yan aljihuna, irin waɗanda tsufa da yawan taurin bayan gida suke kawowa. Ba sa ɓacewa, amma ana zaman lafiya da su in mutum ya yawaita shan ruwa, ya riƙe ganye da wake da tuwon da ba a surfe hatsinsa ba, ya kuma riƙa taka ƙafa. Sai dai ya ja kunne: duk ranar da aka ga zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko ciwon gefen hagu ya ƙi lafawa, to aljihun ne ya ruru, a kawo shi kada a kwana.

Likita ya faɗi nasa ya huta. Bai faɗi wanda zai durƙusa a gaban mutumin da ya karantar da rabin Durba ya tambaye shi yadda ya baro banɗaki ba. Ja'afaru, uban Afra'u, ɗan fari ne, ko sunansa Malam ba ya kamawa, balle su yi zancen hanji. Iya Dije, matar Malam, ta ga tuwonsa yana dawowa yadda aka kai shi, ta tambaya, ya ce mata alhamdu lillahi ya ja carbi. Gida ya cika da masu tsoro, ba mai baki. Sai Ja'afaru ya hau tudun bayan masallaci, inda waya take kamawa, ya kira 'yarsa. Jika ce, ita kaɗai al'ada ta yafe wa rashin kunya a gidan nan. Da Malam ya ji tana tafe, sai ya ɗaga murya yadda har cikin gida za a ji, ya ce a gaya mata ta taho masa da tsiren tasha, mai ƙuli da yaji.

"Ina saƙona?" in ji Malam.

"Ga shi nan." Ta fara fito da kaya tana jerawa a tabarma: damin zogale, wake, gwanda nunanna, da wani ƙulli a farar leda.

"Wannan ƙullin fa?"

"Dusar alkama."

"Dusa! Akuyar Dije ce ta aike ki?"

"Akuyar Iya ai ta fi ka jin magana. Ita ba a taɓa kai ta Kano hoto ba."

"Yau ni Ishiyaku! Na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, sai da gemuna ya yi fari tas za a haɗa ni akushi ɗaya da tumaki."

"Cokali ɗaya aka ce a zuba maka a koko, ba a ce ka tsoma kai a kwatarniya ba. Kuma tsakani da Allah, ka taɓa ganin tunkiya ta ɗau buta ta shige ta daɗe tana nishi?"

"A'uzu billahi! Ji bakin yarinya. Wallahi Hisba zan kai ki."

"Tashi mu je. In gaya musu mijina shi kaɗai ya ƙarar da kwalin taliyar da mai neman kansila ya raba, ya bi da farin burodi da shayi, ya bar tuwon dawa yana kallonsa. Su yi mana hukunci."

"Taliyar nan haƙƙina ce. Ita ce kaɗai romon dimokuraɗiyyar da ya iso zauren nan."

"To ai romon ne ya tsaya maka a hanya, ya ƙi gaba ya ƙi baya, irin titin da ya ce zai yi muku."

Malam ya so ya yi dariya, ya danne, ya mayar da ita tari. Afra'u ta ga yadda hannunsa ya tafi gefen hagu ya dawo da sauri, ta yi kamar ba ta gani ba.

"An ce ka riƙa tattaki. Kana yi?"

"Kullum sau biyar. Ina zuwa masallaci."

"Masallacin da yake jikin zaurenka? Ko kazar da aka ɗaure wa ƙafa ta fi ka nisan yawo. Ruwa fa? Gorar da na sayo maka ga ta can a rataye, har gizo-gizo ya tare a bakinta."

"Ni ba kifi ba ne. Ke dai faɗi gaskiya, duk wannan wa'azin don kin cinye min tsire a mota ne. Shi ya sa kumatunki suke ƙyalli. Je ki, na sake ki."

"Sakin bara ma ba ka mayar da ni ba tukuna."

"To na haɗa da na bana. Mace a aike ta nama ta dawo da ciyawa! Kai jama'a, Dije, zo ki ga abin da ake yi min!"

Iya Dije tana bayan ƙofar cikin gida a tsaye, ba ta zo ba. Afra'u ta bar shi ya gama cika baki. Sannan ta sa hannu can ƙasan jakar, ta fito da ƙunshin takarda da mai ya jiƙa, ta warware shi a gabansa. Ƙamshin ƙuli da albasa ya cika zauren, har kyanwar gidan ta leƙo.

"Ga tsirenka. Da ɗuminsa. Ci in gani."

Malam ya dubi tsire. Mutumin da a da ba ya bari tsinke na biyu ya huce, yau sai ya haɗiyi yawu, ba irin na kwaɗayi ba. Ya kau da kai wajen bango.

"Wannan ai naman jaki ne."

"Na sa ne. A gabana aka gasa."

"Azumi nake."

"Azumin Laraba? Iya ta ce da hantsi ka kurɓi koko."

"Yajin ya yi yawa."

"Kai ka ce a cika. Kawo hannunka."

Ta zare tsoka ɗaya, ta kamo hannunsa za ta sa masa. Hannun Malam zafi rau, kamar murfin tukunya. Tsoro ya kama ta sosai, don mutumin nan shi ya goye ta a kafaɗa zuwa gona tun ba ta iya tafiya ba, kuma ba ta shirya rasa shi ba. Amma ta san kakanta. Da zarar ta sauke murya ta yi maganar hankali, zai koma Malam, ita ta koma yarinya, shi ke nan an rufe zance. Don haka ta haɗiye kukan, ta ƙara ɗaga hanci, ba ta saki hannun ba.

"Lallai tsoho! Ashe sona har ya kai ka ga zazzaɓi."

"Rana ce ta dake ni."

"A cikin zaure? To ji nan. Ni matarka ce, ko ka sake ni ina cikin idda, ba a ɓoye min komai. Zan tambaye ka, in ka yi ƙarya Allah yana gani. Kai ka koya mana haka, da bulala ma."

"Yarinyar nan ba ki da ta-ido."

"Ba a raba da ni ba. Yaushe rabonka da zagayawa?"

Malam ya dubi ƙofar waje, ya dubi ta cikin gida. Ya rage murya.

"Tun ranar kasuwar Kibiya. Jiya na ɗan samu."

"Da jini?"

Carbi ya yi ta tafiya a hannunsa na hagu. Kyanwa ta matso kusa da tsiren, ba wanda ya kore ta.

"Kaɗan," in ji shi.

"Gefen hagun fa?"

"Kamar an ajiye min garwashi."

"Shi ne ka aika a sayo maka tsire."

"Don su ji su kwantar da hankali. Ubanki shinkafarsa tana fadama bai yanke ba. Kakarki kuma da an ce asibiti jininta yake hawa. Na ce in na daure zai wuce."

"Sannu, jarumi. Ka daure ka mutu, shinkafa ta shigo gida a dafa ta a sadakar uku."

"Ke!"

"Ƙarya na yi?"

Bai ce ta yi ƙarya ba. Sai ya ce, "Kin san Ɗanmalam, abokina na Fammar. Da ƙafarsa ya shiga, aka ce aiki za a yi masa a ciki. A bayan mota aka dawo da shi, a naɗe."

"Na san shi, Allah ya ji ƙansa. Na kuma san sai da ya daɗe yana ɓoyewa yana shan jiƙe-jiƙe, har ciki ya kumbura, sannan aka ɗauke shi. Kai ka je ka yi masa faɗa, a gabana. Bara ina tsaye likita ya ce in an zo da wuri, yawanci allura ce da ƙarin ruwa da kunu. Wanda ya zauna jira shi yake jawo wa kansa wuƙa."

"Kuma yara mata, sa'o'inki, su zo su kwaye min riga suna latsa ni."

"Me za su gani? Ƙashi ne da fata, sai ka ce ragon da aka manta da shi a turke. Amma kwantar da hankalinka, ni zan tsaya a bakin ƙofa. Duk wadda ta kalli mijina ya wuce na aiki, ni da ita."

Wannan karon dariyar ta ƙwace masa. Ya dafe gefen hagu ya runtse ido.

"Kar ki ba ni dariya, ja'ira, yana ja."

"Ai gara ya ja ka ji."

Da ciwon ya ɗan lafa, ya buɗe ido ya dube ta. Bai ce amarya ba, bai ce ja'ira ba.

"Afra'u."

"Na'am, Malam."

"Tsoro nake ji."

"Na sani. Ni ma shi nake ji. Shi ya sa ba zan bar ka ka kwana a nan ba."

Hawaye ya zubo mata, ta sa bakin mayafi ta goge, ta ce yajin tsiren ne. Malam ya ce lallai, shi ma tun ɗazu yajin yake damun idonsa.

"To," in ji shi, "ki ce wa ubanki ya nemo mota."

"Tana bayan masallaci tun kafin in shigo. Direban har ya sha ruwa ya yi alwala."

"Au! Ashe maguɗi kuka yi min. Tun ba a kaɗa ƙuri'a ba an rubuta sakamako."

"Sai ka kai ƙara in ka dawo."

"Wannan ciyawar taki fa, da ita za a tafi?"

"A'a. Yanzu sai abin da likita ya ce, ruwa-ruwa ne naka. In ciki ya huce ka dawo, ni da kaina zan zo in tsaya a kanka, kai da wake da zogale, har ka fara kuka irin na raguna."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya haɗa ni auren nan."

Afra'u ta leƙa ta yafito babanta, ta ce wa Iya Dije ta ɗauko bargo da hula. Kafin su shigo, Malam ya murza zoben azurfar da yake ƙaramin yatsansa, na mahaifinsa ne, ya daɗe bai fita ba. Da ƙyar ya zare shi. Ya kamo tafin hannunta ya sa mata.

"Riƙe min wannan. In na dawo ki ba ni. In kuma Allah ya yi..."

"Kar ka ƙarasa." Ta zura zoben a babban yatsanta, ta ɗaga tana juya shi a gaban idonsa. "Wa ya ce maka ajiya na karɓa? Ƙwace na yi. In kana son abinka, sai ka warke ka biyo ni har Rano, da ƙafarka, ka ƙwata."

Malam ya yi dariya, ya dafe ciki, ya kuma yin wata.

"Ɓarauniya," in ji shi. "To kama ni in tashi, tun ba ki kai shi kasuwa ba."

Ta sa masa kafaɗa, ya dafa, suka miƙe a hankali.