Yadda Za Ki Yi Gaba da Mijinki ta Gidan Waya

Idan kin bi matakan nan, na ba ki tabbaci mijinki zai ji a jikinsa ba tare da kin buɗe baki ba. Maƙwabciyata Sumie ta gwada a kan idona.

1. Ki samo laifi mai nauyi

Kada ki ɓata tawada a kan munshari. Tokuji, mijin Sumie, tun da ya bar aikin jirgin ruwa ya rasa abin yi. Rannan ya ɗauko randar da take tsima kokwamba cikin dusa da gishiri, wadda ta gada wurin mahaifiyarta, dusar cikinta ma ta girmi aurensu. Ya juye dusar a bola, ya wanke randar tas da sabulu, ya zuba kifayen ado. Da ta tambaye shi, sai ya ce ai ya ji tana wari ne. Irin wannan laifin ake nema.

2. Ki yi shiru, amma kada ki fasa girki

Miji mai jin yunwa gani yake shi aka zalunta. Ki ajiye masa shinkafarsa da miyarsa da zafinsu, ki sa ɗan farantin tsimammiyar kokwamba a gefe, babu komai a ciki.

3. Ki zana katinki

Ki ɗauko katin etegami, wato katin wasiƙa da ake zana wa hoto da hannu, ki riƙe buroshin zane ta can wutsiyarsa, ki ja layi a hankali har hannu ya yi rawa. Ba a gogewa, ba a sakewa. Sumie ta zana kokwamba ƙatuwa har ta fi ƙarfin katin, ta rubuta a gefe: "A da ni ma ina da gida." Ta buga jan hatiminta.

4. Ki kai gidan waya

Kada ki miƙa masa hannu da hannu, wannan ai sulhu ne. Ki manna kan sarki, ki wuce ta gabansa, ki jefa a akwatin bakin titi. Washegari Isamu mai kawo wasiƙu ya dawo da katin gidan da ya fito, yana ta gyaran murya. Kati ba shi da ambulan, kuma amfaninsa ke nan: kina buƙatar shaidu.

5. Ki ƙara masa

Bayan kokwamba ta aika karas, sannan kabeji, kowanne da kukan rashin matsuguni. Kafin sati ya zagayo, mai sayar da kifi ya fara tambayar Tokuji lafiyar 'yan hayarsa na cikin randa. Shi kuwa duk katin da ya zo sai ya karanta a tsaye, ya manna a bango daidai inda yake zama cin abinci, ya yi ta gyara masa zama.

6. Idan ya rama, kada ki tambaya

A nan Sumie ta faɗi. Wata safiya Isamu ya miƙa mata kati da sunanta, ya ce shi dai duk ofishinsu an kasa gane abin. Wani dunƙule ne ja-ja, da ɗigo biyu a sama, tawada ta malale ta ko'ina. A gefe an rubuta: "Ba ta tsufa." Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta kai shi bakin taga. Da azahar ta kasa daurewa, ta same shi a tsakar gida yana kwashe kifayen yana zubawa a bokiti, ga buhun sabuwar dusa a jingine.

Ta ce, "Baban Rie, wannan dankali ne ko dorinar ruwa?"

Bai ɗago ba, kunnuwansa dai suka yi ja. "Ke ce. Ranar da na fara ganinki a tashar jirgi."

"A haka ka gan ni, kuma ka aure ni?"

"Hannuna ne ya yi rawa. Ke kika ce ba a sakewa."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata har sai da ta zauna a kan buhun. Da yamma na leƙa ta katanga, na gan su tsugune, hannu dumu-dumu cikin dusa da gishiri, tana yi masa faɗa da baki kamar kowace mace.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo baya. Idan mijinki ya zana ki kamar dankali, ku kuka sani. Idan kuma kika ajiye hoton a aljihun rigarki kamar yadda Sumie ta yi, kada ki ce ni na koya miki.