Yadda Za Ki Girka wa Manya Biyu Manhajar Sinadarai a Saba Ɗaya

A gafarce ni, ban kai in yi rubutu ba, karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye. Sai dai wata biyar ke nan ina buga takardu a wani ofishin gona a Dutse, ba a ma tabbatar da ni ba, kuma na samo dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau ɗaya na gwada ta. Ki bi ta, aikinki zai tsira.

Mataki na 1: Bari a ɗauke ki gwana

Ki riƙa yawo da littafi cikin hijabi. Ranar da aka kawo saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗiban bayani a cikinta, da faifan manhajar adana bayanan sinadarai, za a ce, kamar yadda aka ce a kaina, a ba Safiyatu, ita ce mai karance-karance. Kada ki ce labaran soyayya ne.

Mataki na 2: Kada ki ce a'a

Malam Falalu na sashen maganin ƙwari zai ce tasa manhajar daban yake so. Hajiya Laraba ta sashen taki za ta ce ita ba ta haɗa tukunya da kowa. Ki rusuna, ki ce an gama.

Mataki na 3: Ki kiyaye girma

Littafin manhajar ya ce kowane kwafi da foldarsa, da sunanta daban. Waɗanda suka rubuta shi ba su san Malam Falalu ba. Ki rubuta sunan sa'an babanki gatsal a allo? Ko ki sa lamba, ki je ki faɗa wa Hajiya ita ce ta biyu? Ki zuba duka a folda ɗaya, ki kira ta "Manya". Rumbun bayanansu zai zama ɗaya, amma ai zumunci abu ne mai kyau.

Mataki na 4: Ki bar su su yi shara

Kullum da safe Malam zai tarar da takin zamani cikin jerinsa, ya yi tsaki, ya goge. Bayan azahar Hajiya za ta ga maganin ƙwari, ta goge. Idan sun tambaya, ki ce NEPA ce. Ba a taɓa musa wannan ba.

Mataki na 5: Ki yi kyautar yabo

Wannan shi ne ƙashin bayan dabarar. Duk wanda ya yi alfahari a gaban Darakta cewa da hannunsa ya girka tasa, ki gyaɗa kai. Su biyun za su yi.

Mataki na 6: Ranar baƙi

Darakta zai kawo baƙi daga hedikwata su ga ci gaba. Za a buɗe rumbu, a tarar da sinadari guda tak, wanda manhajar ta zo da shi na misali: ruwa.

"Wa ya girka wannan?" in ji Darakta.

Kafin ki buɗe baki zai tuna da kansa. "Au. Malam, ba kai ka ce da hannunka ba? Hajiya, ke ma haka kika ce."

Hajiya za ta gyara mayafi. "Ranka ya daɗe, ai ruwan nawa ne. Nasa ne ya ɓace."

Ba wanda zai waiwayi mai buga takardu.

Sanarwa: idan naki manyan masu faɗin gaskiya ne, babu ruwana, ban san ki ba. Ni dai yanzu ƙofar baya a buɗe take, takalmana suna hannuna, kuma har yanzu suna musun mai ruwa.