Bijimi Ya Faɗi a Bakin Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai huce ba, Baba Kafaɗa, shugaban 'yan dakon tashar bakin ruwa, a madadin kansa da iyalinsa da duk wanda ya taɓa saɓa buhu a wannan tasha, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da maƙiya don su ji su huta, rasuwar amininsa kuma abokin neman abincinsa, katakon nan da kowa ya sani da suna Bijimi. Ya rasu ne da hantsi, a bakin aikinsa, da kaya a gadon bayansa, a gaban jama'a. Bai yi jinya ba. Duk wanda ya ce ya yi jinya maƙaryaci ne, kuma za a zo kansa.

Ga wanda bai san marigayin ba, wato wanda bai taɓa zufa kafin ya ci abinci ba, Bijimi katako ne guda ɗaya tal, baƙi, mai kauri, wanda sai ƙarti sun yi nishi kafin su raba shi da ƙasa. A tashar nan layin jirgin ƙasa ya ƙare, a nan manyan motoci ke juyawa, a nan jiragen ruwa ke ɗaurewa, kuma ukun nan ba mai isa wurin ɗan uwansa. Bakin tarago ya fi bayan mota tudu. Mota ba ta isa gaɓa saboda taɓo. Jirgin ruwa kuwa ba a yi shi da ƙafa ba. Bijimi ne ke shiga tsakani. A jingina shi daga tarago zuwa mota a sauke gishiri da siminti, a kinkime shi zuwa gaɓa a miƙa shi cikin jirgi a loda albasa da hatsi da gangunan mai. Duk abin da mutanen tudu suka aika wa mutanen ƙetare, da abin da na ƙetare suka mayar, ta bayansa ya bi.

Baba Kafaɗa bai saye shi a kasuwa ba. Shekarar da ambaliya ta cinye tsohuwar gada, yana saurayi, ya hango shi ruwa na tafiya da shi, ya faɗa ya ɗaure shi, ya jawo shi gaɓa da igiya a haƙori, mutane suna tsaye suna salati sun ɗauka ya tafi ke nan. Bai tafi ba. Bayan nan jirgi ya kife da shi bai tafi ba, tarago ya take masa babban yatsa bai tafi ba, annobar da ta kwashe rabin 'yan dako ta zo ta dube shi ta wuce. Waɗanda suka fara aiki tare yawancinsu sun kwanta dama, 'yan kaɗan da suka rage suna gindin inuwa suna ƙorafin gwiwa. Baba bai taɓa zama a aji ba, kuma har yau yana neman abin da ya rasa bai gani ba. Dokar tashar nan kuwa tun fil'azal ita ce, mai katako shi ke cewa wane ya hau, wane ya jira. Da bayan Bijimi Baba ya zama shugaba, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi direbobin tirela masu bakin tsiya suka koyi gaisuwa da hannu biyu.

Marigayin mai haƙuri ne, ba mai yawan magana ba. In aka hau shi da ƙaramin kaya sai ya ce ƙiii, kamar wanda aka tasa daga barci a kan abin banza. In kaya ya cika kaya, sai ya lanƙwasa kaɗan ya ce gurrr, can ƙasa-ƙasa, ya miƙe. Ya ɗauki injin niƙa. Ya ɗauki sa mai gardama da masu jansa. Ya ɗauki mace mai naƙuda a kan ƙyauren ƙofa, yaron da ta haifa shi ke tuƙa ɗaya daga jiragen a yau. Bai taɓa tambayar kayan wane ne ba, bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa cewa sai an kawo masa wani ƙarfe daga ƙasar waje ba.

Ajalinsa ya zo ne cikin motoci masu baƙin gilashi. Kwamitin bunƙasa sufuri ne, wai sun zo su haɗa jirgin ƙasa da mota da jirgin ruwa wuri guda, don yankuna su riƙa cinikayya da juna. Baba ya saurara da kyau, don ya ɗauka wani sabon abu za a faɗa, sai ya ji aikin da Bijimi ke yi tun kafin a yaye su ne suke karantowa daga takarda. Ba su ne na farko ba. Kwamitoci sun sha zuwa, kowanne ya kafa allo ya dasa dutsen tushe ya tafi, awaki suna godiya, don duwatsun suna da daɗin kwanciya da rana. Na wannan karon dai sun fi na baya ƙoƙari, sun zo da wata 'yar motar ɗaga kaya, rawaya, mai hannuwan ƙarfe biyu a gaba, an ɗaura mata ƙyalle kamar kyautar makaranta. Wani injiniya mai farar hular kwano, wanda takalminsa bai san taɓo ba, ya yi bayani cewa wannan ita za ta maye gurbin 'yan dako da katakonsu.

Sai aka zo nuna wa baƙi yadda za ta kai kaya cikin jirgi, a nan aka tuna ba a gina mata hanyar sauka ba. Hanyar tana cikin zane. Aka yi tsuru-tsuru, mai ɗaukar hoto na jira, shugaban kwamiti na duba agogo. Daga ƙarshe injiniyan nan ya tako, ya sassauta murya, ya roƙi aron katakon da ya gama zagi.

Akwai masu cewa da Baba ya hana. Baba yana sanar da su cewa Bijimi bai taɓa ƙin kaya ba a rayuwarsa, kuma ba a gaban baƙi za a fara kunyata shi ba. Aka shimfiɗa shi daga gaɓa zuwa jirgi. Motar ta hau da buhuna a hannunta. Bijimi ya ce gurrr, ya lanƙwasa, ya miƙe, ya kai ta ciki lafiya lau. Kowa ya gani. A riƙe wannan da kyau: ya ɗauki motar, da direbanta, da kayanta, ya ƙetarar da su.

Wajen dawowa ne shugaban kwamiti ya ga abin ya yi kyau, ya ce sai an ɗauke shi hoto a kanta. Mutum ne da Allah ya yi wa yalwar jiki, kwamiti kuma ya ƙara masa. Ya tattare riga ya hau, mataimakinsa ya ɗare gefe don kada hoto ya wuce shi, aka tsayar da motar a tsakiyar Bijimi cak, wai rana ta fi haska fuska a wurin. Marigayin ya jure ɗaga hannu, ya jure murmushi, ya jure a sake ɗauka don shugaba ya rufe ido. Sannan ya ce gurrr, ya ƙara cewa gurrr, wanda bai taɓa maimaitawa ba. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Ba a rasa rai ba sai nasa. 'Yan dakon da aka zo sallama su suka tsamo shugaba daga taɓo, takalmi ɗaya, babu hula. Motar kuwa ta nutse har wuya tsakanin gaɓa da jirage, rufinta kawai ke waje. Washegari aka ji a rediyo wai wani ruɓaɓɓen katako ya jawo tsaiko a bikin, wanda hakan ke nuna buƙatar zamanantar da tashar. Ruɓaɓɓe! Ɓangarorinsa biyu suna nan a rumfar Baba, duk mai shakka ya zo da ƙusa ya gwada cikinsa, in ƙusar ta shiga ba guduma Baba zai sauka daga shugabanci a ranar.

Marigayin ya bar Baba Kafaɗa, da uwargidan Baba wadda ta sha cewa katakon ya fi ta daraja a gidan kuma ba a taɓa musa mata ba. Ya bar igiyarsa, da duwatsun da ake tokare shi da su. Ya bar taragai cike a kan layi, motoci jere har bakin titi, albasa na tsiro a buhu, da 'yan dako suna kutsawa cikin taɓo har ƙugu da kaya a ka. Ya kuma bar waɗansu 'yan bana-bakwai da suka fara raɗa cewa tunda babu katako babu shugaba. Baba ya ji, kuma ya san muryar kowa.

Game da jana'iza, kwamiti ya aiko a taya shi jawo motarsa. An mayar masa da amsa cewa ana makoki, ba mai taɓa igiya. Ba za a binne Bijimi ba, ba za a ba kafinta shi ba, wanda kuma ya zo da gatari yana tunanin itacen girki ya yi sallama da iyalinsa tukuna. Gobe da safe za a ɗauko shi a kafaɗa daga rumfa zuwa gaɓa, Baba a gaba. Za a shimfiɗa rabinsa daga gaɓa zuwa rufin motar kwamiti, ɗaya rabin daga rufin zuwa jirgi. An gwada rufin, yana da ƙwari, kuma ga dukkan alamu ba inda motar za ta. A nan marigayin zai kwanta, a kan wadda ta kashe shi.

Masu ta'aziyya kowa ya zo da buhunsa a kafaɗa, ya tsaya a layi har Baba ya ce ya hau. 'Yan kwamiti ma ana gayyatarsu, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma ban da hoto.