Yadda Muka Kusa Kai Mai Girma Fagen Fama

Jiya na je bakin ruwan Yelwa sayen kifi, na dawo da hula mai tuta da dusasshiyar murya, ko ƙayar kifi ban riƙo ba.

Tun da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a tsallake, kishin ƙasa ya rufe manyanmu kamar zazzaɓin damina. Sai aka shirya gangamin goyon bayan yaƙi a kan ruwa. Aka kwashe duk jiragen da ke gaɓa, aka ɗura musu man nan da muke wuni a layi ba mu gani ba. Mai Girma Garkuwan Lasifika ya hau jirgin tsakiya yana ta ɓaɓatu: "A kai mu inda suke! Jininmu fansa ne ga ƙasa!" Gaskiya har ƙwalla na yi. Mutumin ya iya magana, Allah ya ƙara wa maƙogwaronsa lafiya.

Ni aka cusa ni a jirgin gaba, na maƙwabcina Abubakar. A ciki na tarar da Inna Dudu mai suyar kifi, an danƙa mata tuta tana kuka, mai ɗaukar hoto yana yaba kishinta. Ashe ɗanta Umaru, ɗan sa-kai, yana kwance a ƙauyen nan da harsashi a cinya, ƙafar tana ta kumbura. Jirgin da zai kawo shi asibiti ta zo nema, aka ce mata yau jirage suna hidimar ƙasa. Abin ya taɓa ni, na ji kunyar hular da ke kaina.

"Mi za ni yi da wanga ƙyalle?" in ji ta. "Abubakar, in ba ka tahi ba, yanke mashi ƙahwa za a yi."

Nan take Abubakar ya karkata jirgi ya nufi tsallake.

Abin da masu shirya gangami ba su sani ba shi ne, ƙarƙashin ruwan nan cike yake da kututturan itatuwa. Shi ya sa in jirage suka jeru, na baya sawun na gaba yake bi, ba ya tambaya. Haka ayarin nan kaf ya biyo mu, da tutocinsa da makaɗansa.

Da bukkokin da suka ƙone suka fara bayyana, kiɗa ya tsaya. An manta ba a kashe lasifika ba, don haka kowa ya ji Mai Girma.

"Direba, ina za mu?"

"Inda ka ce, ranka shi daɗe."

"Juya mu koma."

"In na juya nan, kututture na hwasa mu."

Daga nan ban sake hango hularsa ba. An ce ya kwanta ne a gindin jirgi don ya duba lafiyar katako.

Mun ɗauko Umaru mun kai shi asibiti, likita ya ce an kawo shi a kan gaɓa, ƙafa za ta tsira. Kafin la'asar yaran Mai Girma sun baza labarin cewa shi da kansa ya jagoranci ceto. Ban musa ba, ai da shi aka je. Roƙona ɗaya, a daure a sake shirya gangamin nan, a bar wa Abubakar jirgin gaba, don akwai sauran masu rauni a wajen Ngaski.