Sarkin Sanarwa na Titin Alder

Duk wanda ya zauna a Titin Alder, ko da na wata guda ne, ya san Allah ya yi wa unguwar nan baiwa da Wendell Brockway. Wasu unguwannin jihar Minnesota ta Amurka da tafki suke taƙama, wasu da manyan bishiyoyi. Titin Alder da Wendell yake taƙama. Shekara shida yana shugabancin ƙungiyar mazauna titin, gida sittin da biyu, kuma a shekarun nan ba a taɓa ajiye kwandon shara a karkace ba tare da duniya ta ji labari ba.

Da wani mai ƙaramin buri ne ya yi ritaya daga kamfanin inshora, da ƙugiya zai saya ya tafi kamun kifi. Wendell kuwa ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ya sauka, ya jera allon kwamfuta uku da fitila mai zobe irin ta masu tallar kayan kwalliya, ya raɗa wa wurin Cibiyar Sadarwa. Daga nan yake mulki, kuma kowace magana da hanyarta. Doka ta imel take fita, da sa hannunsa mai layi bakwai a ƙasa. Tsawatarwa a zauren hirar unguwa na waya ake yin ta, haɗe da hoton laifin. Ranar Lahadi akwai jawabin bidiyo, taye a wuya, wandon barci a ƙasa. Baƙo ba ya ganin fuskarsa, don ƙararrawar ƙofarsa mai kyamara ce, ta cikinta yake ganawa da talakawa. Ko matarsa Lorraine in ta sauke abinci sai ta tura masa saƙo daga kicin, shi kuma ya tabbatar mata a rubuce cewa saƙon ya iso.

Maƙwabta suka sa masa Sarkin Sanarwa. Da sunan ya zo kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, har ya yi tunanin ƙara shi a layi na takwas.

Abin da ya fi burge shi da jama'arsa shi ne ladabi. Yakan tura saƙo talatin a yini, babu mai musu, babu mai ko tari. Yana yawan gaya wa Lorraine cewa shugaban da ake ja-in-ja da shi bai iya bayani ba ne, shi kam in ya yi magana ba ya rage wa kowa abin ƙarawa. Ba a sami marar imanin da zai gaya masa cewa tun shekarar farko kowa ya kashe ƙarar zauren ba. Mutum ɗaya ne yake amsa masa, Hank Dubicki mai gyaran famfo, wanda yake manna alamar babban yatsa a ƙarƙashin kowane saƙo ba tare da ya karanta ko harafi ba. Ranar da Wendell ya sanar da mutuwar karensa ma Hank ya ɗaga yatsa. Wendell ya ɗauke shi a matsayin ta'aziyya irin ta maza.

Ana cikin wannan zaman lafiya sai zaɓen shekara ya zo, kuma a karon farko aka sami mai neman kujerar. Dolores Engstrom ce, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda ta yi shekara talatin tana raba wasiƙu a ƙafa. Wayarta ta bango ce mai igiya. In tana da magana da mutum, takalmi take sawa ta je ta buga masa ƙofa, abin da Wendell yake gani kamar cin abinci da hannu a gaban gwamna. Kujerar nan ita ce duk abin da ya rage masa tun da ya bar ofis, kuma ya san haka, ko da yake ba zai faɗa ba. Ya sa aka buga masa allo ya ɗaura a saman motarsa: Da Wendell, Babu Abin da Zai Wuce Ka. Sannan ya gyara taye ya fuskanci fitila.

"Jama'ar Titin Alder," in ji shi, "ina girmama Misis Engstrom kamar yadda nake girmama duk wani kayan tarihi. Amma unguwar da na ɗauko daga duhu ba za ta koma ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ranar Asabar ku fito ku faɗi abin da shirunku ya daɗe yana faɗa mini."

Hank ya ɗaga yatsa.

Ranar Juma'a aka wayi gari dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Hukumar gari ta ba da sanarwa cewa kafin sha biyun rana a kwashe motoci daga gefen gabas na titin domin motar share ƙanƙara ta wuce, wadda aka bari kuma janwe zai tafi da ita. Wendell ne ya fara ganin sanarwar, tun ƙarfe takwas. Da wani ne, layi ɗaya zai rubuta. Amma ana gobe zaɓe, irin wannan dama ba ta layi ɗaya ba ce. A ɗaukar bidiyo ta farko fitila ta haske masa tabarau. Ta biyu ya ga tayen bai dace da yanayin gaggawa ba, ya hau sama ya sauya. Ta huɗu ce ta yi masa, minti goma sha huɗu cif, ta faro daga tarihin ƙanƙara a unguwar, ba a ambaci sha biyun rana ba sai a minti na goma sha biyu. Tasa motar kuwa tana nan gefen gabas tun daren jiya, domin garejinsa cike yake da kujeru da allunan ƙungiya.

Duk wannan lokaci Dolores tana waje cikin manyan takalmanta, tana bi gida gida. Motoci suna ta ja da baya. Sha biyu saura minti ashirin ta danna ƙararrawar Wendell, ya ga fuskarta a allo na uku, hancinta ya yi ja don sanyi.

"Wendell, fito mana, motarka..."

"Misis Engstrom, kina magana da Cibiyar Sadarwa. In kamfe kika zo yi, gidan nan ya riga ya tsai da shawara."

"Ba ƙuri'arka nake nema ba, ɗan nan. Motarka ce nake..."

"Duk wani ƙorafi kan ajiye mota, akwai fom a shafin ƙungiya. Ana amsawa cikin kwana uku na aiki. Na gode da ziyara."

Ya kashe sautin, ya koma rubuta taƙaitaccen bayanin bidiyonsa, wanda ya kai shafi biyu.

Ƙarfe ɗaya ya hau sama shan kofi, ya leƙa taga. Titi fes. Inda motarsa take babu komai sai shatin tayoyi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don motar kaɗai ba, har da butulcin mutanen da ya yi wa hidimar shekara shida. Ya sauka Cibiya, ya ciro bidiyon kyamarar ƙofa na sha ɗaya da rabi zuwa sha biyu da ɗan motsi. Bai tsaya kallo ba, shugaba ba shi da wannan lokacin. Ya jefa shi zaure da take: Shaida, an ɗauke motar shugabanku ido na ganin ido, ba a sami mai gargaɗi ko ɗaya ba.

Hoton janwe a fuskar bidiyon ya ja idon wata maƙwabciya, ta buɗe, ta kira ta gaba. Kafin la'asar duk titin ya kalla. Ga Dolores, ga muryar Wendell da kwana ukunsa na aiki. Ga tsohuwar ta ci gaba da magana da ƙofar da ba ta jin ta, tana cewa motarsa na gefen da za a share, janwe kuma ya shawo kwana. Ta buga da hannu har sau uku. Ta juya ta tafi tana girgiza kai. Sai ga motar tana wucewa hanci a sama, allon nan yana rangaji a kanta, ana karanta shi sarai.

Wendell ya ga lissafin waɗanda suka kalla ya kai sittin da ɗaya, abin da bai taɓa gani ba. Ya tura wa Lorraine saƙo a kicin cewa jama'a sun farka, gobe za ta ga ruwan ƙuri'a. Lorraine, wadda ta kalla sau biyu, ta amsa da cewa miya ta nuna.

Ranar Asabar ya taka a ƙafa zuwa ɗakin taron coci. An cika maƙil, ana shan kofi da burodin ayaba, kowa yana gaishe shi da fara'ar da ta ɗan yi yawa. Aka ce masu son Dolores su ɗaga hannu, ɗaki ya zama dajin hannuwa. Aka ce masu son Wendell. Ya ɗaga nasa, ya waiga wajen Lorraine, ya tarar hannayenta biyu duk suna riƙe da butar kofi.

Ya koma gida bai yi wa kowa sallama ba. Ya zauna gaban allunansa uku ya rubuta saƙon bankwana mai sakin layi tara, ya lissafa ayyukansa, ya yafe wa maƙiya, ya rufe da cewa daga yau ba za a ƙara jin muryarsa a zauren ba. Ya tura, ya jingina, yana jiran shirun da ya saba.

Wayar ta fara motsi a kan tebur. Yatsa, yatsa, yatsa, har sittin, na Lorraine a sahun farko. Hank kaɗai bai ɗaga ba. Shi rubutu ya yi, karo na farko cikin shekara shida: "Wannan kam na karanta har ƙarshe, shugaba. Ya yi kyau."