Ƙwaurin Sallau da Zoɓon Uwani

Wani mutum ne a Tudun Wada, Sallau, wanda in yana labarin gudunsa na ƙuruciya sai ka tausaya wa barewa. Ya ce ya taɓa tsere da jirgin ƙasa daga Ƙaura zuwa Gusau, har ya sha fura ya yi sakace kafin jirgin ya iso. Shaidun dai duk sun rasu, Allah ya jiƙansu.

Da magidantan unguwa suka kafa ƙungiyar sassarfar safe, aka ce ranar Asabar za a zaɓi mai riƙe usur, wanda zai riƙa jan gaba. Sallau ya ce ai zaɓe ya ƙare tun ranar da aka haife shi.

Malam Barau, tsohon malamin wasanni, ya ce, "Jama'a, a miƙa jijiya tukuna. A fara a hankali, a bi ƙasa, a bar kwalta, a sa takalmi mai taushi. Wanda ƙwaurinsa ya yi tsami ya huta, ya ɗora ƙanƙara."

"Ƙanƙara?" Sallau ya tuntsire da dariya. "Malam, kifi ne ni? Wannan ƙwaurin da kake gani taɓarya ce!"

Ya hau kwalta da takalminsa na zuwa ɗaurin aure. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, tumbi na gaba shi yana biye. Kafin mako ya raba, taɓarya ta fara magana. Zugi tun daga idon sawu har gwiwa. Dakalin masallaci ma sai ya yi salati na musamman yake hawa. Hutu kuwa ina! Girman kai rawanin tsiya.

Da safiyar Asabar ya tuna da ƙanƙarar nan da ya raina. Ba wuta a gari. Abin da ya daskare a gidan kaf shi ne ƙullin zoɓon da matarsa Uwani ke sayarwa. Ya lallaɓa ya buɗe kula, ya jera ledoji a ƙwaurinsa na dama da na hagu, ya ɗaure tamau da tsumma, ya zura farin wando. Dabara ke nan, a ganinsa.

A fili kuwa aka ce kowane ɗan takara ya yi jawabi. Sallau ya ɗauko labarin jirgin ƙasa tun daga tasha. Rana ta ɗaga. Tsumma ya matse leda, leda ta gaji.

Ɗis. Ɗis.

"Innalillahi! Jini!" in ji Alhaji Nomau mai taki.

Sallau ya duba. Wando ya yi jajir har takalmi. Mai hankali a nan sai ya yi shiru. Shi kuwa ya gyara murya.

"Ku kwantar da hankalinku. Tsohon rauni ne, tun ranar jirgin nan. Mu maza ba mu faɗa."

Har an fara "Allah sarki", wani ya ruga neman mota.

Malam Barau ya durƙusa zai duba rauni. Ya shaƙa. Ya sake shaƙa.

"Ikon Allah. Sallau, jinin naka har da citta da kanumfari?"

Ya ɗage wandon. Ga ledoji reras, ɗaya na tsiyaya. Dariya ta ɓarke, har mai neman mota ya dawo ya samu rabonsa. Aka rataya wa Malam Barau usur a wuya ba tare da an ƙirga hannu ba.

Alhaji Nomau ya share hawaye, ya leƙa ɗaya ƙafar.

"Jarumi, in raunin hagu bai gama narkewa ba, miƙo min. Jawabin nan naka ya sa ni ƙishi."